Kalmar da Na Koya wa Inna

Da sunan Allah, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da magani. Wata bakwai ke nan da muka binne mahaifiyata a nan Maryland ta Amurka, sai yanzu hannuna ya yarda ya rubuta abin da ya faru. Ba tausayi nake nema ba. Da yawa daga cikinmu, daga Lanham har Mitchellville, mun ɗauko iyayenmu daga gida, suna tsufa a gabanmu muna ta tseren zuwa aiki. Duk wanda ranar za ta zo masa da zai kai tsohuwarsa gidan kula da tsofaffi, ina roƙonsa ya karanta wannan kafin ya sa hannu a takarda.

Inna mutuniyar Kazaure ce, ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san irin kunyar ɗan fari ta mutanenmu ya san sauran zancen. Ba ta kama sunana, ba ta cin abinci ina zaune, kuma tunda nake ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Shekara shida tana tare da mu a Lanham, ita ta raini 'ya'yanmu biyu, suna yi mata Turanci tana ba su amsa da Hausa, kowa yana gane kowa. Wata Juma'a da safe tana dama kunu ludayi ya suɓuce mata. Matata Rukayya ta same ta a jingine da firij, bakinta ya karkace. Hawan jini ne ya shanye mata ɓarin hagu.

Kwana tara muka yi a asibiti. Bakin ya dawo, hankalinta garau, amma hannu da ƙafar hagu sun ƙi. Rana ta takwas wata ma'aikaciya ta zo da murmushi da jerin sunayen gidajen tsofaffi, ta ce inshora ta gama biyan gadon asibiti, mu zaɓi ɗaya kafin gobe. Gidanmu bene ne, ɗakuna da banɗaki duk a sama. Ni ina aiki a Beltsville, Rukayya tana kantin magani tsaye wuni guda. Ƙanwata Zulai, wadda ita ya kamata ta yi wannan jinya, tana Kano, an hana ta biza. Kawu Hamisu, ƙanen Inna, ya kira ni ya wanke ni tas.

"Kai yanzu uwarka za ka kai gidan gajiyayyu, kana da rai da lafiya? Ka ɗora ta a jirgi ka kawo mana abarmu!"

Na ce masa likita ya hana ta doguwar tafiya, kuma wurin ba irin wanda yake zato ba ne, gashin ƙashi da motsa jiki za a riƙa yi mata har ƙafar ta tashi. Na kashe wayar raina a ɓace, ina cewa a zuciyata mutumin da bai taɓa fita daga Jigawa ba shi zai koya mini yadda ake kula da mara lafiya.

Ni injiniya ne, aikina duba gadoji, kuma da wannan idon na zaɓi gidan. Na duba ƙofofin fita in gobara ta tashi. Na girgiza ƙarfen gefen gado. Na danna maɓallin kiran nas na sa agogo, minti huɗu aka zo. Na ce ban da naman alade, aka rubuta. Na ce mata kaɗai za su riƙa yi mata wanka da canjin famfas, aka ce za a yi ƙoƙari gwargwadon ma'aikatan da ke ƙasa. Da muka zo wani layi a fom ɗin, matar ta tambaye ni ko Inna tana buƙatar tafinta, wai suna da masu fassara ta waya, har da Hausa. Na yi dariya na ce wane tafinta ina raye, kullum ina nan. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, Hausawan yankin nan ba mu da yawa, ina tsoron muryar da za ta fito daga wayar ta zama ta wani da muke haɗuwa a masallaci, gobe a ji wane ya kai uwarsa gidan tsofaffi. Na sa alama a kan a'a.

Yammacin ranar farko na zauna ina koya wa Inna 'yan kalmomin Turanci. Wota in tana son ruwa. No in ba ta so. Tankiyu ta riga ta iya. Sai ta ce, idonta a kan bango kamar yadda take yi in da ni take magana:

"To in suka tambaye ni jiki fa, me zan ce?"

"Me kike cewa a gida, Inna?"

"Da sauƙi mana."

"To ki ce beta."

Ta maimaita sau biyu, ta yi 'yar dariya ta ce wannan ai ba wuya. Ni ma na yi dariya. Wallahi ko a mafarki ban kawo komai ba. Ni da ku duk mun san da sauƙi gaisuwa ce. Mutum yana gargarar mutuwa a ce ya jiki ya ce da sauƙi, kuma mai tambayar ya san ya zuba ido ya karanta sauran da kansa. Shekara ashirin da biyu ina ƙasar nan, amma ban tsaya na tuna cewa mutanen nan in suka tambaya amsa suke nema, kuma abin da aka ce musu shi suke rubutawa ba.

Mako biyun farko sai godiya. Ana tura ta a keke zuwa ɗakin gashi, har yatsun hagun suka fara ɗan motsi. Kullum in na tashi aiki ina biyawa tsakanin la'asar da magariba, da kular tuwo daga Rukayya. Abokiyar ɗakinta wata tsohuwar Baturiya ce wadda ke wuni tana kiran sunan wani mutum da bai taɓa zuwa ba. Inna ta ce tana saka ta a addu'a, don wannan 'ya'yanta sun yar da ita. Na ji daɗin maganar, don ta nuna ni ba a cikin masu yarwa nake ba.

A mako na uku aka kira ni a wurin aiki, wai mahaifiyata ta ƙi wanka kwana biyu a jere. Da na bincika, ashe namiji aka sa a aikin safe. Wani saurayi ne mai ladabi, amma yana taɓa bargo Inna ta ce no, ta damƙe zanenta da hannun da ke aiki. A dokarsu, mara lafiya mai hankalinsa in ya ce a'a ba a tilasta shi, sai a rubuta ya ƙi. Na yi faɗa, aka ba ni haƙuri, aka ce ma'aikata sun yi ƙaranci amma mace za ta riƙa yi da yamma. Na ɗauka an gama. Ban tambayi ko matan yamman mutum ɗaya ce ko kullum sabuwa ba, ban tambayi minti nawa suke yi a kanta ba. Daga baya na gane kowace da mutum goma sha wani abu a wuyanta, kuma tsohuwar da ke riƙe zane tana kau da kai, sauri ake yi a rabu da ita.

A makon nan ne Inna ta ce a kawo mata humra. An hana turaren wuta saboda na'urar hayaƙi, don haka ban ga abin mamaki ba. Rukayya ta ba da kwalba guda.

Mako na huɗu aka dakatar da gashi. Wai ba ta ci gaba yadda ake so, inshora ba za ta ƙara biya ba. Na yi kwana uku ina waya ana tura ni daga wannan zuwa wancan, kiɗa yana tashi a kunnena, har na haƙura. Tun daga nan Inna ta koma kwanciya wuni sur. Tuwon ya fara dawowa gida kusan yadda ya tafi. Wata rana na danna maɓallin da ke ɗaga kan gado don ta zauna, sai na ga ta runtse ido, gumi ya tsattsafo mata a goshi alhali ɗakin da sanyi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to na ga fuskar.

"Inna, wani wuri ne ke ciwo?"

Ta kalli taga ta ce, "Ka ci abinci kuwa? Na ga ka faɗa."

Na bar maganar. Na gaya wa kaina kewar gida ce.

Mako na biyar warin ya fara. Ba mai ƙarfi ba ne, yana can ƙarƙashin ƙanshin humra, sai ka zauna kusa da gadon na ɗan lokaci kake jinsa. Na dubi kwandon shara, na dubi banɗaki, na leƙa ƙarƙashin gado. Na rubuta wa shugabar nas-nas doguwar wasiƙa a kan tsaftar ɗaki, har da lambobi ɗaya, biyu, uku. Washegari aka sake kwandon, aka goge ƙasa, aka turo mini amsa mai daɗi. Warin yana nan. Na ɗora laifin a kan tsohuwar da ke ɗaya gadon, Allah ya yafe mini. Ranar Laraba na shigo na tarar da gadonta an yaye zanen, katifar roba tsirara, hotunanta babu su a bango. Na zauna kusa da Inna, ɗakin shiru, kuma warin bai tafi tare da matar ba.

Inna ta ce humrar ta ƙare, a kawo wata. Kwalbar da takan yi mata wata uku a gida.

Zulai ta kira ta bidiyo a ranar. Bayan sun gaisa da Inna ta ce in fita waje.

"Yaya, Inna ta rame. Idonta ma ya canza. Ka duba ta kuwa?"

"Kullum ina nan, ke da kike Kano za ki gaya mini?"

"Na san kana zuwa. Ce maka na yi ka duba ta. An ga bayanta? An ga ƙafafunta?"

Na ce wannan aikin nas ne, kuma ta san ni ba zan ɗaga zanen Inna ba. Ta ce to Anti Rukayya fa. Ranar Asabar Rukayya ta gwada. Ta zo da man zaitun da Kawu Hamisu ya sa aka yi wa tofi aka aiko, ta ce Inna bari in shafa miki a baya. Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Ke 'yar nan, rufa mini asiri, suna yi mini komai." Wace suruka ce za ta yi kokawa da uwar mijinta a kan zane? Rukayya ta shafa mata a ƙafa da hannu ta dawo gida jikinta a sanyaye.

A cikin makon aka yi zaman da suke yi da iyalin kowane mara lafiya. Shugabar nas ta juyo mini da kwamfuta ta nuna mini. Kowace rana, safe da yamma, an tambaye ta, kuma kowace rana an rubuta mara lafiya ta ce ta ji sauƙi. Layi bayan layi har ƙasan shafi. A wuri ɗaya an rubuta an ga fata ta ɗan yi duhu a ƙugu, an tambaye ta, ta ce beta, an shafa mai. Kun san abin da na yi? Hoton shafin na ɗauka na tura wa Zulai, don ta rufe mini baki.

Ranar Lahadi ta mako na shida, bayan azahar, ina zaune wata ma'aikaciya da ban taɓa gani ba ta shigo da tawul a hannu. Babbar mace ce, ta kai hamsin, da ɗan hijabi. Ta ji ina yi wa Inna magana sai ta tsaya cak ta yi sallama. Sunanta Memuna, 'yar zangon Kumasi ce, kamfanin da take wa aiki ya turo ta cike gurbin wata na kwana ɗaya. Hausarta irin ta mutanen Gana ce, mace ma ya suke ce mata. Ta durƙusa ta gaida Inna.

"Mma, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

Memuna ta ƙara matsowa kusa da ita. Ta ja numfashi ta hanci sau ɗaya, ta sa bayan hannunta a wuyan Inna, sannan ta juyo gare ni, murmushin ya ɓace.

"Alaji, Mma yana da ciwo paa, ciwo sosai. Wannan ba warin ɗaki ba ne. Fita waje kaɗan."

Na tsaya a bakin ƙofa. Ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa tana roƙo, don Allah, don Annabi. Na ji Memuna ta ce, "Mma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma na yi jinyar uwana." Sai na ji Memuna ta yi salati. Ƙofa ta buɗe.

"Alaji, zo ka gani."

"Ba zan iya ba. Mahaifiyata ce."

"Don shi ne za ka gani. In ba ka gani ba, gobe za su ce maka ƙarami ne."

Na shiga. Ba zan kwatanta muku duka ba. A ƙasan bayanta, daidai inda ƙashi ke taɓa katifa, akwai wani bakin gyambo da bai fi kwabo ba, kewayensa baƙi ƙirin. Memuna ta ɗan danna gefe da yatsa cikin safar hannu, fatar ta lotsa, abin da ke ciki ya fito. Ramin yana ƙasa, ya ci gefe da gefe kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya. Inna ta ja mayafi da hannunta mai lafiya ta rufe fuska. Kafaɗarta tana rawa, kuma na san ba zafin ciwon ne ya sa ta kuka ba, tsayuwata a wurin ce.

Nas ɗin da ke aiki ta zo a guje, ta gani, abin da ta fara cewa shi ne ai ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Memuna ta ce a kira motar asibiti yanzu, ba sai an jira likitan gidan gobe ba. Da nas ɗin ta fara maganar ƙa'ida, ni na kira da wayata.

Awa huɗu muka yi a kan gadon turawa a barandar ɗakin gaggawa, zazzaɓi yana hawa, Inna ta fara kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Likitar da ta karɓe ta daga baya ta faɗi kalmar da har yau take kunnena, sepsis, wato dafin gyambon ya shiga jini. Ta ce irin wannan ciwon kwanciya a farar fata ja yake fara yi, kowa ya gani, amma a baƙar fata duhu kawai yake ƙarawa, sai wanda ya sani ya taɓa ya ji ɗumi ko tauri. Ta ce da an riƙa juya ta bayan kowace awa biyu da wuya ya kai haka.

Washegari da safe zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalinta ya dawo. Likitar ta ce tana da tambayoyi, na matso don in fassara. Ta ce a'a, a asibitinsu iyali ba sa fassara, ta jawo waya ta danna. Muryar wata mace ta fito, Hausar Nijar, ban san ta ba, ba ta san ni ba. Ta gaida Inna da ladabi, sannan ta ce, "Iya, ba gaisuwa nike miki ba, likita na son gaskiya. Tun yaushe ki ka fara jin ciwon?"

Ina tsaye a bayan labule, Inna ba ta ganina. Na ji uwata ta buɗe baki ta gaya wa baƙuwar murya abin da ta ɓoye mako uku. Ta ce tun satin da aka daina kai ta motsa jiki. Ta ce kamar an ɗora ta a kan garwashi, in an ɗaga gadon har numfashinta ɗaukewa yake. Ta ce ta ji warin tun kafin kowa ya ji. Matar ta tambaye ta don me ba ta faɗa ba. Inna ta ce inda ciwon yake ba wurin da ake faɗa wa mutane ba ne, kuma yaron ga aiki a kansa, ga mutanen gida suna zaginsa a kanta, ba ta so ta ƙara masa. Likitar ta sa a tambaye ta me ya sa kullum take ce wa ma'aikata ta ji sauƙi.

"Haka aka ce in riƙa cewa," in ji Inna.

Na ji shi da Hausa kafin a mayar wa likita da Turanci.

Sau biyu aka shiga da ita tiyata ana yanke ruɓaɓɓen nama. Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ƙodarta ta tsaya a rana ta tara, ranar Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abarsa, Rukayya tana riƙe da hannunta, Zulai tana kan waya tana yi mata kalmar shahada.

Ina gode wa likitar nan da ta hana ni fassara. Ina gode wa matar Nijar da ban san sunanta ba, da jama'ar masallacinmu da suka ɗauke mana komai. Memuna ta zo gaisuwa da kular waake, shinkafa da wake irin ta Gana, a hannu, ta zauna da Rukayya har yamma, Allah ya saka mata da Aljanna. Gidan kuwa na kai ƙararsu hukumar jiha, don mutanen da suka canja wa tsohuwa famfas mako shida ba su da bakin cewa ba su gani ba, kuma kalma ɗaya daga bakin wadda ba ta jin Turanci ba hujja ba ce. Ban yafe musu ba tukuna. Amma in na tsaya a nan na yi ƙarya.

'Yan uwa, ku karɓi tafintan nan, ko da maƙwabcinku ne zai ɗauki wayar. Ku gaya wa ma'aikata da bakinku cewa tsofaffinmu ba sa faɗin ciwo, a duba da ido da hannu. Ku nemo mace, 'yarta ko ƙawarta ko wata dattijuwa daga masallaci, wadda za ta ga bayanta da dugaduganta kowane mako, ko tsohuwar za ta yi fushi ta yi. Fushinta zai wuce. In kuka ga turare yana saurin ƙarewa, ku tambayi dalili.

Ranar jana'iza mata uku ne suka yi mata wanka a ɗakin da ke bayan masallaci. Babbarsu Hajiya Ladi ce ta Mitchellville, wadda ta wanke kusan duk matan da muka rasa a yankin nan. Sun daɗe fiye da yadda aka saba. Da ta fito tana sauke hannun rigarta, ta wuce mazan da ke tsaye ta zo inda nake.

"Ɗana, abin da mai wanka ta gani amana ce, ba ta faɗa. Ba zan faɗa ba." Ta rage murya. "Amma wa ya yi jinyarta?"

Ina iya cewa gidan tsofaffi ne, kuma ba ƙarya ba ne. Na ce, "Ni ne, Hajiya. Kullum ina wurin."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya ba ka ladan jinya."

Na ce amin, don haka ake cewa.